Jakar da Gwaggo Balaraba ta ɗinka sau biyu

"Ai na wanke ta, uwargijiyata," in ji Ubale. "Wallahi na wanke ta. A kududdufin bayan gari na tsoma ta, na cuɗa, na matse."

"Kududdufin da shanu ke fitsari a ciki," in ji Gwaggo Balaraba. "Madalla da kai. Tsaya nan inda kake, kada ka matso min da ita."

"To yanzu in ajiye ta a ina?"

"Ka ajiye ta a kan hularka."

Na shigo gidan ne in gaishe ta kamar yadda na saba, wari ya tare ni tun daga zaure. A tsakar gida na iske Ubale tsaye, riƙe da wata jakar rataya wadda a da fara ce, ƙudaje na bin ta. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta dube ni ta ce, "Shigo ka gani, ɗan nan. Shigo ka ga abin da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa." Ta juya ta tofar da yawu a bayan turmi, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe.

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Dangora, kuma duk unguwar Gwaggo muke ce mata, yaro da babba. A Ba'awa aka haife ta. Mahaifinta, Malam Gwadabe, yana karantar da yara, yana kuma ɗinkin riguna a zaurensa. Ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, saboda haka ita ce ke zama kusa da shi tana zura masa zare a allura lokacin da idonsa ya fara rauni. Daga zura zare ta koyi kalmasa, daga nan ta koyi haɗa riga sukutum. A wajenmu kuwa allura ta maza ce, mata kaɗi da saƙa suka sani, don haka 'yan'uwanta mata suka riƙa yi mata dariya suna kiranta Malam Balaraba. Ba ta taɓa damuwa ba. Ta yi aure a Badafi, ta haihu, 'ya'yan suka koma sai mace ɗaya da ke aure a Tudun Wada. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta Malam Lawal, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu.

Abin da kowa ya san ta da shi bayan allura shi ne ƙyama. In ƙuda ya faɗa mata a fura ba za ta tsame shi ta sha ba, sai dai ta miƙa wa wani. Allurarta a cikin ɓargon kara take ajiye ta, ta toshe bakin da auduga, kuma ba ta ɗaukar ɗinki sai ta wanke hannu har gwiwa. Matan unguwa kan ce ko tsintsiyar Gwaggo sai an share ta kafin ta yi shara.

A shekarar 1950, da damina ta ja baya, Malam Lawal ya ɗaura niyyar tafiya Makka ta ƙasa, shi da wasu mutanen Kiru. Za su taka zuwa Kano, su shiga mota zuwa Yarwa, daga can su yi gabas, suna tafe suna neman guzuri. Irin wannan tafiya ba a sa mata ranar dawowa. Ya ce ba zai tafi ba sai da Alƙur'anin mahaifinsu, wanda Malam Gwadabe ya rubuta da hannunsa. Da aka sauko da shi daga maratayi sai aka ga gara ta cinye gefen gafakar, igiyar kuma ta ruɓe, amma takardun Allah ya tsare su. Malam Lawal ya ce zai kai wa baduku ya yi sabuwa. Gwaggo ta ce a'a.

Ni ta gaya wa dalilinta daga baya, tana murza gwiwarta. "Waɗannan ƙafafun ko kasuwar Badafi ba sa kai ni sai na huta a hanya. Makka ba tawa ba ce, na haƙura. Amma hannun Malam zai je, tunda rubutunsa zai je. To ni ma ɗinkina ya je mana. Ya rataya a kafaɗar Lawal, ya zaga Ɗakin Allah tare da shi."

Ba ta yarda da akokon kanti ba, ta ce ba ta san hannun da ya taɓa shi ba. Audugar gayaunarta ta bara ta ɗauko, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zaren da kanta, ta kai wa Idi masaƙi ya saƙa mata zugu fari tas. Ta jera ƙwaryoyin saƙar, wato siraran ƙyallayen, ta haɗa su da ƙananan ɗinki, ta yi wa jakar shafi daga ciki don kada gumi ya ratsa, ta ninka maratayin kafaɗa ta bi shi da allura layi bayan layi har ya yi kauri kamar fata. A kan marfin ta yi ɗan aiki da baƙin zare, irin wanda mahaifinta ke yi a bakin aljihun riga. Ba ta taɓa ɗaukar jakar ba sai da alwala. In ta yi tari a kusa da ita, sai ta kawar da kai.

Da ta gama ta wanke ta da ruwan rijiya, ta shanya a igiya, ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Watan cika-ciki ne, lokacin da taubasai ke bin juna neman shara, wato kyautar wasan shekara. Ubale ɗan gwaggonta ne, wato shi ɗan mace, ita 'yar namiji, kuma tun suna yara suke wasa. Manomi ne, amma rabin zuciyarsa na wajen farauta, kullum da kare a bayansa. Ya shigo ya tarar ba ta nan, ya ɗauki tsintsiya ya ɗan karkaɗa a ƙofar ɗakinta yana kirari, sannan ya ciro jakar daga igiya ya rataya. Barakatu, matar Malam Lawal, tana daka a lokacin. Ta ce masa, "Baba Ubale, wannan fa ba ta wasa ba ce." Ya ce, "Ta wasan ai ba a fansarta. Ki gaya wa uwargijiyata bawanta ya zo shara bai same ta ba." Barakatu ta yi dariya, domin haka al'adar take: taubashi ya ɗauke maka abu, ka aika masa da goro ko fura, ya dawo da shi, ba fushi ba hukunci.

Gwaggo ta aika da goron da yamma, aka ce ba ya gida. Ashe daga nan gonarsa ya wuce, inda ake yankan dawa. Karensa ya tono ramin gafiya, ya kashe manya guda biyu, ya duba bai ga abin zubawa ba sai jakar da ke kafaɗarsa. Bai gama ɗaure bakinta ba aka zo masa da labarin rasuwar surukinsa a Doguwa. Ya rataye jakar a cikin bukkar gona ya kama hanya, can ya zauna har aka yi sadakar uku. Rana ta yi ta dukan bukkar. Da ya dawo, tsutsa ce ta yi masa maraba.

Wannan jakar ce yake riƙe da ita a tsakar gida ranar Talata, Malam Lawal kuwa Alhamis zai tashi.

"Ni fa ban san ta Alƙur'ani ba ce," in ji Ubale. "Na ɗauka ta goro ce. Wa ya taɓa ganin gafakar ƙyalle?"

"Ko ta goro ce, ɓera ake sawa a ciki?"

"Gafiya ba ɓera ba ce, uwargijiyata. Nama ce, ki tambayi duk mafarauci."

"Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wutsiyar ce ta fi tsawo. Tir! Da gemunka fari, da jikokinka, kana bin rami kana zaro ƙazanta. Karen nan naka ma ya lasa, ko?"

Ubale ya sosa ƙeya. "Ya dai ɗan shinshina."

Gwaggo ta yi wani dogon tsaki, ta sake tofar da yawu.

"Ba ki da ikon yin fushi fa," ya ce, yana ƙoƙarin dariya. "Wasa ne. Kakanninmu suka bar mana."

"Na sani. Shi ya sa ban zage ka ba. Da ba taubashina ba ne kai, da yau unguwar nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Fushi kam an hana ni, amma ba wanda ya hana ni jin amai in na dube ka."

Malam Lawal ya shigo daga zaure, ya ji abin da ya faru. Mutum ne mai sanyin hali. Ya sa aka juye jakar da kara, ya duba, ya ce, "Yaya, abin bai kai haka ba. Najasa ce, ruwa kuma yana tsarkake ta. A wanke har launi da wari su gushe. In tabo ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari, shari'a ta yafe."

"Shari'a ta yafe," ta ce. "To."

Ba ta yi masa musu ba, don ba ta musu da karatu. Ta sa Barakatu ta dafa ruwa, aka jiƙa jakar da ruwan toka, aka cuɗa da sabulun salo, aka ɗauraye, aka sake. Gwaggo ba ta sa hannu ba, da muciyar da aka daina tuƙi da ita take juya ta, daga baya ma ta ce a jefa muciyar a wuta. Aka turara jakar da turaren wuta, aka shanya. Tabon ya ragu, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a gindin jakar, daidai inda takardun za su zauna. Da sanyin la'asar sai ka rantse ta tsarkaka. Washegari da hantsi, da rana ta taɓa ta, Gwaggo ta matsa ta kai hanci ta ja da baya tana kaki. Warin ya shige cikin maratayin nan mai kauri da ta ɓata lokaci tana ninkawa, ya zauna, ga shi yanzu ya gauraya da turare.

"Gara na farko," ta ce. "Na farko mushe ne tsantsa. Wannan mushe ne da ya yi kwalliya."

Malam Lawal ya ce ba komai, zai naɗe Alƙur'anin a rawani ya sa cikin kayansa, in ya isa Kano ya sayi gafaka a kasuwa. Ya faɗi haka ne don ya sauƙaƙa mata, amma na ga yadda fuskarta ta canza. Ta aika a tambayi Idi masaƙi ko yana da fari a ƙasa. Ya ce wanda ke kan masaƙarsa baƙi ne na wani, kuma ko da zare a hannu ba zai gama kafin gobe ba. Zaren ma babu, audugar bara ta ƙare a jakar farko.

Gwaggo ta tashi ta ɗebi ruwa a buta ta yi alwala, ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan adudu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ta kwance, sai ga zugu fari, naɗe da kyau, da ganyen ƙamshi a tsakaninsa saboda asu.

Barakatu ta saki tsintsiyar hannunta. "Yaya! Wannan ai likkafaninki ne."

Tsofaffinmu da yawa sukan tanadi nasu tun suna da rai, don kada su ɗora wa kowa nauyi. Gwaggo ta kaɗa zaren nata ne shekarar da mijinta ya rasu, kuma ba ta taɓa bari wani ya taɓa shi ba.

"Likkafani ne in ina ciki," ta ce. "Yanzu ina waje, fari ne kawai. Miƙo min almakashi."

"Haba Yaya, matafiyi ya rataya wannan? Mutane za su ce mugun fata ne."

"Mutanen da suka ga an zuba ɓera a jakar Alƙur'ani suka yi dariya? Su ce abin da suka ga dama. Duk garin nan babu ƙyallen da ya fi wannan tsarki. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya yi gumi a cikinsa, ba kare ya shinshina shi."

Ta auna da taƙinta, tsawo da faɗi, ta tuna ma'aunin ba tare da ta koma ga Alƙur'anin ba. Da almakashin ya shiga Barakatu ta juya baya. Gwaggo kuwa ta ci gaba da yanka. Ta janye tabarmarta zuwa gindin rumbu inda haske ya fi, nesa da igiyar da jakar farko ke rataye, ta goga zarenta da kakin zuma, ta fara haɗawa. Na zauna can gefe ina saurarenta, domin in tana ɗinki bakinta ba ya hutawa.

"Ka ga ɗinkin gefe, daga ciki ake yinsa, sannan a juya, a sake bi ta waje. Malam yakan ce ɗinki ɗaya na gida ne, na tafiya biyu ne. Kai, har yanzu ina jin abin nan a maƙogwarona. Jiya Barakatu ta sa nama a miya na kasa ci, ina gani sai in ga wutsiya." Ta ciji zare, ta tofar. "Tun muna yara haka yake. Ya taɓa sa min kwaɗo a tulu, uwarsa tana dariya wai wasa ne. Na yi wata ban sha ruwan tulun ba."

Wannan karon ba ta yi aikin baƙin zare ba, babu lokaci, idonta kuma ba ya ganin allura in rana ta faɗi. Ta yi shafi, ta yi marfi, ta murza zare ta yi masa maɓalli. Maratayin ne ya ci mata yini. Yatsanta ya huje, ta tsaya nan take, ta nesanta hannun daga farin, ta ɗaure da tsumma, ta jira har jinin ya tsaya kafin ta ci gaba.

Wajen la'asar Ubale ya dawo, ya yi sallama a hankali, da ƙwaryar zuma a hannunsa. Da ya ga abin da take yanka ya gane, dariyar fuskarsa ta ɗauke. Ya durƙusa daga nesa.

"Balaraba," ya ce. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ran nan.

"Da wane hannu ka ɗebo zumar?"

"Na wanke."

"A kududdufi? Ba Barakatu, yara su sha." Ta nuna igiya da haɓa, ba ta ɗago kai ba. "Ga shararka can, ta bana da ta baɗi. Ɗauke ta ka fitar min da ita daga gida. Ka rataya ta kullum, kowa ya san da zuwanka tun kana bayan gari."

Ya ciro jakar ya rataya, ya fita. Ta sa aka kwance igiyar shanyar ma aka bi shi da ita.

Ranar Alhamis da hantsi, mutane sun cika ƙofar gida suna jiran rakiya, Gwaggo ta kira Malam Lawal cikin gida. Ya yi alwala, ya ɗauko Alƙur'anin, ya zura shi a sabuwar jakar. Ya shiga daidai, ba matsi ba sako-sako. Ya rataya. Barakatu ta riga ta gaya masa inda farin ya fito, don haka ya daɗe yana shafa marfin.

"Yaya," ya ce, "in Allah ya kai ni ya dawo da ni, zan zo miki da wani farin, wanda aka tsoma a ruwan zamzam."

"Ka dawo da kanka tukuna. Juya in gani." Ta ja maratayin, ta ga ya ɗan yi tsawo, jakar na dukan ƙugunsa. Ta zaro allura daga ɓargon kara ta ɗage shi a kafaɗarsa yana tsaye. "Kada ka ajiye ta a ƙasa. Kada ka ba kowa aro, ko da taubashinka ne. Guzuri kuma ko dabino ɗaya kada ya shiga nan."

"To, Yaya. A yafe mini."

"Na yafe, ni ma ka yafe. Allah ya kiyaye hanya." Ta kai hanci kusa da jakar ta shinshina, kamar ba ta yarda ba har yanzu, sannan ta sake shi.

Ya fita, aka ɗauki addu'a a ƙofar gida, mata suna leƙe ta danga suna share hawaye. Na waiwaya in ga ko Gwaggo za ta fito rakiya, sai na gan ta tana ɗaura ɗamara, da kwando a hannu.

"Gwaggo, ba za ki raka su bakin gari ba?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Rakiyata tana kafaɗarsa." Ta ɗora kwandon a ka. "Abin da ya rage a adudu ba zai rufe ni ba, tafiyarsu kuma ta shekaru ce, ba zan zauna jiran na zamzam ba. An ce audugata ta fara fashewa. Gara in je in tsince da kaina kafin wani mai kare ya bi ta cikinta."

Ta yi tsaki, ta bi ta ƙofar baya, tana ɗingishi ta nufi gayaunarta.